Malamin Dabbobi da Laftof Biyu

Nafi'u, tun da ka zauna kake jero mini lambobin furosesan laftof, wannan ya fi gudu, wancan ya fi tsada, wai in zaɓa maka. Ni ba zan zaɓa maka ba. Ajiye wayar nan tukuna, ka ji yadda wani malamin dabbobi ya yi da wata mata mai shagon kwamfuta.

Shi mutumin nan aikinsa bin rugage ne a kan babur, yana duba shanu yana shigar da bayanansu a kwamfuta, don ofishinsu ya daina karɓar takarda. Akwai kuma abin da ransa ke so tun yana jami'a, wato wasan ƙwallo da tseren mota a kwamfuta. Da tsohuwar laftof ɗinsa ta mutu, sai ya shigo birni da niyyar sayen irin ta 'yan gem. Mai shagon ta shekara goma sha biyar tana kwance kwamfutoci tana ɗaurawa, har yatsunta sun yi kanta. Ta ɗauko masa wadda ya nuna ta kunna. Furosesanta, wato ƙwaƙwalwar da ke juya duk aikin na'urar, irin mai ƙarfin nan ne. Ya sa wasa, sai ga ciyawar fili ɗaya bayan ɗaya, 'yan ƙwallo na gudu ba ko gargada. Nan take ya ce a sa masa a kwali. Ita kuwa idonta na kan takalmansa, da laka ta bushe a jikinsu. Ta ce, "Malam, a ina za ka riƙa aiki da ita?" Ya gaya mata. Ta ce, "Akwai wuta a can?" Ya yi dariya ya ce, "Akwai mana, Hajiya, wutar kara." Sai ta ɗauko wata siririya mara kwalliya, mai furosesa matsakaici, ta ajiye kusa da babbar. Ta ba su aiki iri ɗaya, ta zare musu wayar caji daga bango, ta ce ya je ya yi azahar ya ci abinci, ya dawo bayan la'asar. Da ya dawo ya tarar babbar ta daɗe da mutuwa, siririyar kuwa ko rabin batirinta ba ta ci ba, ya taɓa bayanta ya ji sanyi kamar randa. Matar ta ce, "Kai ka san dabba. Wannan bijimin kiwo ne, ba ya nisa da dusa. Wannan kuwa raƙumi ne." Ba ta ɓoye masa komai ba. Ta sa masa wasan a siririyar ya gani da idonsa: yana tafiya, amma sai an rage kyan hoto, 'yan kallo su koma dishi-dishi. Kuma kowa a layin shagunan ya san ribarta a babbar take. Mutumin ya daɗe a tsaye yana shafa murfin wadda ransa ke so. Can ya nisa, ya ɗauki siririyar.

Damina na tsakiya ciwon huhu ya faɗa wa shanu a yankinsa. Ofis ya aiko cewa za a raba allurar rigakafi, amma rugar da sunanta da yawan shanunta suka shiga kwamfuta kafin Alhamis ita kaɗai za a lissafa, don maganin ba shi da yawa. Akwai rugage tara a hayin wani rafi da ya cika ya hana babur wucewa. Ya bar babur a gaɓa, ya ƙunshe laftof a leda ya ɗora a ka, ya ratsa ruwa iya ƙirji. Kwana biyu ya yi a can, ba sola ba janareta. Ya zauna gindin ɗorawa ya ɗora na'urar a cinya, makiyaya na koro garke yana shigarwa, in ya tashi zuwa wata ruga ya rufe ta don ta huta. Wani ardo da shanunsa shida suka riga suka mutu ya tsuguna kusa da shi, yana kiran kowace saniya da sunanta. Da hantsin Laraba ya gama ruga ta tara, ya hau wani tsauni inda waya ke kamawa, ya tura bayanan, batir na nuna ja. Ranar Asabar aka haye da allura a kwalekwale, ba garken da aka tsallake. Har yau in ya dawo gida ranar hutu yana buga ƙwallonsa da 'yan kallo dishi-dishi, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Kada ka ɗauka babbar ce ba ta da kirki. Ba a yi mako da cinikin malamin ba wani mai gidan gem ya shigo shagon, rufinsa cike da sola, yana neman siririya don ya ji an ce tana da sauƙi. Matar nan ta hana shi. Ta ce samari ashirin za su wuni suna dukanta, ba za ta kai sallah ba, ta miƙa masa babbar. Shekara uku ke nan tana gurnani a gidansa, ba ta taɓa ba shi kunya ba. Shago ɗaya, mata ɗaya, ta ba wannan abin da ta hana wancan, kuma kowannensu yana sa mata albarka. Shi ya sa Hausawa suka ce, daidai ruwa, daidai tsaki.