Asmar Bilyaminu

Bilyaminu ya sake zuƙar sigarin lantarkinsa. Babu hayaƙi, sai ƙarar ruwa da ɗaci har maƙogwaro. Ya sauya koyil ɗin da ke dumama ruwan, ya cika batir, ya zagi mai shagon Yelwa da ya sayar masa, har da kakannin wanda ya ƙera tankin ruwan sigarin. Su injiniya manya!

Inna ta leƙo ɗakin. "Yaya na'urar asmar taka?"

Ƙaryar da ya shirga mata game da sigarin ke nan.

"Lafiya lau, Inna."

"Madalla. Na ga ruwan Baturen da ke cikinta ya ƙare, sai na ɗura maka jiƙon maɗaci." Ta jawo kujera ta zauna. "Zuƙa in gani. Asma mai ƙamshin mangwaro ba a yi mata sakaci."