Jif a Kan Bulo

Ran da likitan shanu ya daki ƙofar gidansa da gaban jif karo na uku, sai ya yanke hukunci cewa birkin baya ne mai laifi. Shi dai a tarihinsa bai taɓa yin laifi ba.

Bakanike, amininsa na shekara talatin, ya leƙa ƙarƙashin motar ya jinjina kai.

"Mutumina, wannan birkin ganga sa'anka ne. Laka na shiga ta kwana a ciki. Mu cire, mu sa na faifai irin na gaba. Kwana uku ka koma dajinka."

Likita ya ji daɗi, don damina ta kama, garkuna tara na jiran allurarsa a bayan rafi, inda sai jif ke zuwa. Nan take bakanike ya ɗora motar a kan bulo, ya zare gangunan, ya sa wuta ya yanke mazauninsu. Wanda ya san mota ya san daga nan babu komawa baya.

Kwana uku suka zama mako uku. Yau fayafayan suna hanya, gobe sun zo amma ramin ƙusoshi bai dace ba, jibi tiyon man birki ne ya gajarce. Kullum likita sai ya tako garejin da ƙafa, ya shafa motarsa kamar mai dubiya a asibiti, ya zauna a benci. Bakanike ya ba shi shayi da sabon uzuri, duka da zafinsu.

A gida uwargida ta zama ruwan sanyi.

"Baban yara, gaggawar me? Ka huta mana. Kawo wayar in karanta maka saƙon."

Saƙon kuwa na makiyaya ne. Garke biyu sun koma hannun wani sabon likita mai babur, sannan huɗu, sannan bakwai. Mutanen da ya yi wa shanunsu unguwarzoma shekara da shekaru, yanzu sai su gaishe shi da "ya jiki", alhali ko mura bai yi ba.

A wata na uku haƙurinsa ya ƙare. Bai gaya wa kowa ba, ya hau tasi zuwa shagon dillalin kayan mota, ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa, ya doki tebur.

"Faifai biyu ne suka gagare ka wata uku? Ko daga duniyar wata ake kawo su?"

Dillali ya ajiye biro, ya dube shi da tausayi.

"Baba, ai tun washegari suka iso. Matarka da bakanikenka suka zo tare suka ɗauka, suka ce ko ka zo kada in ba ka wasu, wai likitan ido ya hana ka tuƙi har abada."