Inda Ta Farka

Da aka kunna kwamfutar reshen Tsafe, manhajar ta ƙi tashi. Injiniyan da ya rubuta ta ya duba, nan take ya gane dalili. Manhajar shafin intanet ce ta wani kamfanin auduga, kuma duk abin da ta yi sai ta rubuta a fayil, domin in ta lalace a san inda aka kwana. A Gusau ya gina ta, ya kafe mata adireshin fayil ɗin a kwamfutar can. Da ta farka a Tsafe ta nemi wurin ta rasa, sai ta tsaya cik. Haka ma za ta yi a reshen Bunguɗu.

Ya goge adireshin, ya ba ta sabon umarni: duk sanda aka kunna ta, ta tambayi kwamfutar sunan garin da take, ta ɗauke shi a matsayin gida, ta yi rubutunta a nan.

Manajan reshen, wani dattijo, yana tsaye a bayansa. Ya ce, "Malam, ka iya Hausa ƙwarai. Ina ne gida?"

"Sabon Garin Gusau, Alhaji. Nan anka haihe ni, nan anka bizne babana."

"A'a, asalinku nake nufi."

Injiniyan ya juya ga kwamfutar. Tun yana firamare ake masa wannan tambayar. Ya danna maɓalli, manhajar ta tashi. Ya buɗe fayil ɗin, ya karanta layin farko da ta rubuta:

Gida: Tsafe.

Ita kam ba wanda ya sake tambayar ta.