Shinge na Shida

Ana cire sunan 'yarsa daga gasar tsallen ƙananan dawaki a unguwar Titiwangsa, can ƙasar wajen da suke zaune, ya kutsa cikin fili ya tsaya a kan alƙaliyar gasar yana zazzaga mata masifa, wai an zalunce su don su baƙi ne. Wasu daga cikin sauran iyaye na ɗaukarsa a waya.

A mota bai daina huci ba. "Share hawayenki, Mamana, gobe zan kai ƙara."

Yarinyar ta daɗe tana murza igiyar hular kwanonta.

"Abba, ni na je na gaya wa alƙaliyar ban tsallake shinge na shida ba. Ba wanda ya lura." Ta ɗago ta dube shi. "Na ɗauka za ka yi alfahari da ni."