Sunan Ɗan Fari

Tun da aka kafa dokar rataya wa kowane jariri na'urar koyar da magana a wuya, Kande ba ta taɓa fitowa daga ofishin duba yara da farin rai ba. Yau ma'aikaciyar ko gaisuwarta ba ta amsa ba.

"Na'ura ta kawo ƙararki. Ta ce ba ki taɓa kiran sunan yaron nan ba."

"Ɗan fari ne," in ji Kande, "kuma sunan surukina ya ci. A gidanku haka uwa take kama sunan ɗan fari gatsau?"

"Gidanmu bai shafe ki ba. Yaron da ba ya jin sunansa a bakin uwarsa ba ya saurin gane baƙaƙen karatu. Ki faɗa yanzu na'ura ta ji, ko ya koma gidan renon hukuma."

"Ke ba uwa ce ta haife ki ba?"

"Malama, akwai mutane a bayanki."

Kande ta dubi yaron. Yana zaune a ƙasa, yana zana baƙaƙe da yatsa, yana maimaita abin da na'urar ke raɗa masa. Matan da ke layi suka zuba mata ido. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

"Zubairu," ta ce, kamar mai tauna garwashi.

Bai ɗago ba. Ta sake kira, da ƙarfi.

Sai yaron ya sunkuya, ya dubi na'urar da ke ƙirjinsa, ya yi murmushi.

"Na'am, Umma," ya ce wa na'urar.