Ranar da Aka Sallami Mai Gadin Gona

Kawu, don Allah rage rediyon nan ka ji wannan, da ɗuminsa yake, yau ɗin nan ya ƙare! Ba kai ne kake cewa gem ɗin da ake yi tare, ba a gasa da kowa, me zai yi da manhajar kama maguɗi ba? To saurara.

Wata yarinya ce da yayarta, wadda ta tafi karatun jinya can Jos. Ita yayar nan Allah bai yi ta da hirar waya ba. In an kira ta, "Lafiya lau, ya su Umma, sai an jima," shi ke nan. Amma a ba ta aikin hannu, ko ɓarar gyaɗa ce, nan bakinta yake buɗewa. Sai suka samu wani gem na noma, irin wanda ake haɗuwa a gona ɗaya ta intanet kamar aikin gayya, ba abokin gaba sai fara da ambaliya. Duk Asabar su shiga, su buɗe murya, suna jidar duwatsu a kwando suna gina madatsar ruwa, yayar tana ta zuba: malamarsu mai faɗa, ranar da ta fara yi wa mutum allura, har da wani da yake yawan gaishe ta a bakin get. Yarinyar nan jiran Asabar take kamar jiran sallah.

To gem ɗin yana da mai gadi, wata manhaja ce da take caje waya kafin a shiga, ko wani ya ɗauko kayan maguɗi. Wayar yarinyar kuwa tsohuwa ce, kafin mai gadi ya gama bincikensa ta yi zafi kamar tandar waina. Ran nan ta gano wurin da mai gona zai iya kashe shi. Ta ce a ranta, gonar nan ba baƙo, duk namu ne, wa zai cuci wa? Ta danna, ta sallame shi. Sai ta gayyato wata ƙawarta 'yar ajinsu ta taya su jida. Ita ƙawar, wallahi ba da mugunta ba, tausayi ne ya kama ta. Ta samo wata manhajar maguɗi, dannawa ɗaya rumbuna suka cika har suna zuba, fara ta mutu tas, madatsar da suka cinye hutu guda ba su kai rabinta ba ta miƙe tsaf, har da fenti. Ta turo saƙo tana murna: "Na hutar da ku!"

Asabar ta zo, yayar ta shigo, ta zaga gonar, ta leƙa nan ta leƙa can, ko tsinke babu da za a ɗaga. Ta ce, "Au, ashe an gama. To bari in je in yi wanki." Ɗif, ta sauka. Asabar ta gaba ko leƙowa ba ta yi ba. Yarinyar ta zauna da waya a hannu, ga rumbuna cike, ga gona shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Labarin mai gaisuwar bakin get ma a tsakiya aka bar shi!

Sai ta koma neman mai gadin da ta kora. Ga shi kuwa gem ɗin ya yi gargaɗi, in ya samu kayan maguɗi yana iya share gonar baki ɗaya. Ta yi bisimilla, ta kunna, ta rintse ido. Waya ta ɗau zafi, abu yana ta juyi, yana ta juyi, ita tana ta salati. Da ta buɗe ido, hatsin ƙarya ya tafi, fenti ya tafi, madatsa ta koma inda suka bar ta. Amma duk abin da suka yi da hannunsu yana nan. Har kunyar geron nan karkatacciya da yayar ta ja ran farko suka yi ta dariya, tana nan a karkacenta! Ƙawar kuma aka hana ta shiga sai ta goge kayan. Ta zo makaranta tana kumbure-kumbure, wai daga taimako, amma dai ta goge.

Yau da safe yarinyar ta tura wa yayar hoton gonar kawai, ko kalma ba ta rubuta ba. Ba a jima ba sai ga murya: "Ke! Wa ya rushe mana madatsa ga damina ta taho? Ɗauko kwandonki, malalaciya!" Ba su yi nisa da jida ba yayar ta yi gyaran murya ta ce, "Wai ni na ma gaya miki sunansa kuwa, mai gaishe nin nan a bakin get?" Ajiyar zuciyar da yarinyar nan ta yi, Kawu, sai da Ummansu ta leƙo daga kicin.

Ka gani ko? Kai da bakinka ka ce a gayyar ƙauyenku, da ba a gasa da kowa, akwai dattijon da yake bin bayan masu noma yana duba kunya, kar wani ya binne ciyawa da ƙasa ya wuce. Ba sai da abokin gaba ake ɓarna ba. Mutum ɗaya ya tsallake wahalar, sai ya tafi da daɗin kowa. Gaskiyar Hausawa da suka ce wake ɗaya shi ke ɓata gari.