Cikakken Kiɗan Mish'al

Wayar Mish'al ta sake ƙara a kan tebur, ya kife ta bai duba ba. Ya san abin da ke ciki. Tun da fim ɗin da ya yi wa kiɗa ya fito a Kano, saƙo iri ɗaya ke shigowa daga Kaduna, daga Yamai, har daga Jidda: a saki kiɗan duka.

Mish'al haifaffen Makka ne, jikan alhazan da suka biyo ta Sudan ba su koma ba. A saman bene yake aikin haɗa kiɗa a unguwar Mansur, cikin ɗaki mai ƙaramar ƙurya, bango duk a manne da soso. Kowa ya san ɗabi'arsa, ba ya kashe makirufo. Yakan kunna da hantsi ya bar shi har la'asar, wai kiɗa mai kyau ba ya sallama kafin ya shigo. Da kamfanin fim suka matsa masa bara, ya tura musu ɗaukar sautin yadda take cikin gaggawa, bai yanke ba, bai saurara ba. Su suka tsinci abin da suke so suka sa a fim.

Wuri ɗaya ne ya kama mutane. Jarumar tana zaune a tasha tana jira, goge na kuka a hankali, a bayansa kuma wani bugu mai nauyi: biyu a jere, shiru, sai ɗaya. Bai daɗe ba aka yanke shi. Masoya suka yi ta gardama, wasu su ce kalangu ne, wasu su ce ganga. Da aka tambayi Mish'al, ya ce ƙwarya ce ya lulluɓe da tsumma.

Wani shafi mai suna Mai Jira shi ya fara kiran. Ba hoto, ba zagi. Kullum da safe magana ɗaya: a ba mu kiɗan tasha, daga farkonsa har ƙarshe. Dubban mutane suka bi.

Mish'al ya ƙi. Ya ce an tauye masa haƙƙi, an sa sunansa da ƙananan baƙaƙe a ƙarshen fim. Alhaji Mukhtaru, mai kamfanin, ya kira shi daga Kano.

"Malam Mish'al, za mu sa sunanka a sama da girmansa, har da hotonka. Me kuma ya rage?"

"Ku dawo mini da ɗaukata in gyara."

"Haba, ai ɗanyen suke so, shi ya sa suke ta ihu. Kuma ka sa hannu, kayanmu ne. Ranar Juma'a za mu saki."

"Wallahi in kuka saki, kotu ce za ta raba mu."

"To, Allah ya kai mu."

Masoya suka rabu biyu. Wasu suka ce mai fasaha ne da aka zalunta, wasu suka ce girman kai ne. Shi dai ya daina cin abinci sosai. Ya nemi lauya a Kano, lauyan ya ce kafin a zauna Juma'a ta wuce.

Ɗaso ce kaɗai ke hawa benen. Bayan azumi ta zo Umara, ta tsaya tana taya mai tuyar masa da ke ƙasan benen aiki. Ba ta cire niƙabi, kuma takan yi sallama daga nesa ta jira a buɗe. Ranar Laraba ta ajiye kwano, ta tsaya tana duban ɗakin.

"Malam, ka rame. Ina uwargida ne? Maƙwabta sun ce kana da iyali."

"Hanan? Ta tafi gida tun bara, Damagaram."

"Ikon Allah. Ka taɓa zuwa can?"

"Ban taɓa ba. A nan aka ɗaura, kawunta ya ba da ita."

"Allah ya sa ta isa lafiya," in ji Ɗaso. Idonta ya ɗan tsaya a kan dogon kabad ɗin da ya tare ƙofar ƙuryar, sannan ta sauka.

Ranar Juma'a Mish'al bai je Harami ba. Ya ja labule, ya zauna yana jin takun masu komawa daga salla a titi. Da azahar ta gota, kamfanin ya saki kiɗan. Ya sa abin saurare a kunne, ya nemo kiɗan tasha.

Goge ya shigo. Bugun ya biyo, biyu a jere, shiru, sai ɗaya. Ya wuce inda fim ya yanke. Gogen ya tsaya, bugun bai tsaya ba. Aka ji ƙarar jan kujera, aka ji muryarsa kusa da makirufo yana cewa, "Halas, ya isa!" Bugun ya ci gaba, yana raguwa, yana nisa tsakani, har ya zama sai an kasa kunne.

Ya fizge abin sauraren ya jefar. Amma bai daina ji ba. Biyu a jere, shiru, sai ɗaya. Daga ƙofar waje yake fitowa.

Ya buɗe. Askarawa biyu ne, 'yan sandan Makka, Ɗaso a tsakiyarsu, ba kwano a hannunta sai waya, shafin Mai Jira a buɗe. Ta ɗaga niƙabinta, ya ja da baya, don goshin da idanun ya san su, irin na Hanan ne.

"Daga Damagaram nake, Malam, kuma Hanan ba ta iso ba," ta ce. "Wannan ba ƙwarya ba ce. Haka ƙanwata take buga ƙofa tun muna yara, in an kulle ta a ɗaki."